Ganyen lemun tsamina na rawaya daga sama, na tumatir daga ƙasa: cuta ɗaya ce?

Maman_Hibba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san shuka, don abin nan ya ɗaure mini kai.

A gidan bene nake zaune, ba fili, saboda haka duk shukata a tukwane take, a kan wani dogon teburi jikin tagar falo. Akwai lemun tsami uku da na shuka da kaina daga 'ya'yansa, sun kusa wata biyar, tsayinsu wajen santimita 15. Sai tumatir huɗu da ba su fi wata ɗaya da rabi ba, suna cikin ƙananan kofunan roba da na huda wa gindi.

Lemun ne ya fara. Tsofaffin ganyensa na ƙasa lafiya lau, kore shar. Amma duk sabon ganyen da zai fito a sama sai ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ne kore, siri-siri, har ƙananan ciki ana iya binsu da ido. Na baya-bayan nan ma ya kusa zama fari. Da na ga haka sai na sayo takin garin nan da ake jiƙawa a ruwa, an rubuta 20-20-20 a jikinsa, ina zuba rabin cokalin shayi a lita ɗaya ina ba su duk mako. Ba abin da ya sauya, sai ma tsinin ganyen da ya fara ƙonewa, ya yi ruwan ƙasa ya bushe.

Tumatir kuwa akasin haka ne. Samansa kore ne, ko da yake koren ya dusashe, na ƙasan ne ke rawaya, ganyen gaba ɗaya har da jijiya. In ka juya bayan ganyen sai ka ga shunayya-shunayya. Kuma sun tsaya cik, ba sa ƙara tsawo. Su ban taɓa ba su taki ba, don na ji ana cewa taki na ƙona ƙaramin tsiro.

Ƙasar duka ta leda ce da ake sayarwa. Ta lemun galibinta zaren kwakwa ne, ta tumatir kuma mai laushin nan ce ta tayar da iri. Ruwan famfo nake ba su. Tukwanen lemun na roba ne masu huda a gindi, amma na zura kowacce cikin tukunyar ado ta tangaran don kada ruwa ya ɓata teburi.

Cuta ɗaya ce ke yawo tsakaninsu? Ko in ƙara takin ne? Maigidan ya ce in zubar da su in sayo furen roba in huta, ni kuma na ce ba inda za su.

Abu_Fahad ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Rawaya ai yunwa ce, ba wani abu ba. Ki nemi yuriya ki barbaɗa 'yar kaɗan a kowace tukunya, cikin mako za ki ga sun yi kore. Na lemun kuma ki binne tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa biyu ko uku a gefen tukunyar, ki daka ɓawon ƙwai ki zuba a sama. In akwai toka ma ki ƙara. Ni haka na ga ana yi, kuma yana aiki.

Baba_Gambo ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Abu Fahad, ka yi haƙuri, a ajiye yuriyar nan tukuna. Tsiron da tsininsa ya riga ya ƙone, in aka barbaɗa masa yuriya ƙarasa shi za a yi.

A ganina ba cuta ɗaya ba ce, ba ma cuta ce mai yaɗuwa ba. Abu biyu ne daban suka haɗu a teburi ɗaya. Na daɗe ina renon dashe, kuma duk wanda ya zo mini da maganar rawaya, tun kafin in tambaye shi sunan shukar sai na tambaye shi daga ina rawayar ta faro, sama ko ƙasa. Ke kin amsa wannan ba a tambaye ki ba, shi ya sa aikin ya zo da sauƙi.

Dalilin tambayar shi ne, abubuwan da shuka ke sha ba halinsu ɗaya ba bayan sun shiga jikinta. Akwai waɗanda take iya kwashewa daga wannan ganye ta kai wa wancan, su ne naitirojin, fosfaras, fotasiyam da magnesiyam. In suka yi ƙaranci a tukunya sai ta yi irin ta uwar da abinci ya gaza mata, ta karɓe na hannun manyan ta ba na goye. Shi ya sa tsohon ganye ke fara nunawa, sabon yana nan da sauran kyansa. Akwai kuma waɗanda in sun zauna a ganye sun zauna ke nan, ba mai ɗaga su, irin su ƙarfe, kalsiyam, boron da manganis. Su in suka yanke, tsohon ganye yana riƙe da rabonsa, sabon da ke fitowa ne zai tashi hannu rabbana.

Mu fara da tumatir, don nasa ya fi sauƙi. Ganyen ƙasa ya yi rawaya gaba ɗaya har da jijiya, saman ya dusashe, tsiro ya tsaya: wannan naitirojin ne, kuma a nan Abu Fahad ya yi gaskiya, yunwa ce ta gaske. Ƙasar tayar da iri da gangan ake yin ta ba abinci sosai, domin iri yana fitowa da guzurinsa. Guzurin nan yana ƙarewa wajen lokacin da ganyen gaske suka fara fitowa, wato waɗanda ke biyo bayan kunnuwa biyun nan na tsira. Maganar da kika ji cewa taki na ƙona ƙaramin tsiro ba ƙarya ba ce, amma ta makonnin farko ce. Tumatir mai wata ɗaya da rabi a cikin kofi ya daɗe da cinye abin da ke ciki. (Ga mai karatu: in kunnuwa biyun farkon ne kaɗai suka yi rawaya suka faɗi, kada hankali ya tashi, aikinsu ne ya ƙare.)

Ki ƙara duba ganyen ƙasan da kyau don kada mu ɗauki wani a matsayin wani. In jijiya ta tsaya kore, tsakaninsu ne kawai ya yi rawaya a tsohon ganye, magnesiyam ne. In gefen tsohon ganyen ne ya ƙone zagaye, tsakiya tana kore, fotasiyam ne. Yadda kika kwatanta naki, ba ko ɗaya daga ciki.

Shunayyar bayan ganye kuwa alamar fosfaras ce, amma sau da yawa ba rashinsa ba ne a ƙasa, sanyi ne. Saiwar tumatir in zafin ƙasar ya sauka ƙasa da digiri 15, ba ta iya jan fosfaras yadda ya kamata ko da yana nan. Gobe da asuba ki taɓa gilashin tagar, ki taɓa gindin kofin. Ko kuma ki duba in iskar iyakwandishan a kansu take sauka. Ƙaramin kofi ba ya riƙe ɗumi.

Yanzu lemun, inda maganar take. Sabon ganye rawaya, jijiyoyi siri-siri kore har ƙananansu, na ƙarshe ya doshi fari: ko a mafarki aka kwatanta mini wannan zan ce ƙarfe ne. Amma ki ɗauko ledar takin nan ki karanta ƙananan rubutun baya. Galibin irinsa akwai ƙarfe a ciki, za ki ga an rubuta Fe. Wato kina ba su ƙarfe duk mako, suna kuma nuna ba su samu ba. To a nan ne mutane ke ta ƙara taki har su kashe shukar. Ƙarfen yana cikin tukunyar, saiwar ce ba ta iya ɗauka.

Abu uku na sani da ke jawo haka a tukunyar ɗaki, kuma ina zargin duka ukun sun haɗu a gurinki. Na farko ruwa da ke kwanciya. Tukunyar adon nan da ba ta da huda ita nake fi zargi. Saiwa tana numfashi, in ta zauna cikin ruwa sai ƙananan tsinayenta farare su mutu, kuma da su ne take jan ƙarfe. Lemu kuwa yana cikin itatuwan da ke ƙin jiƙaƙƙen gindi sosai. Na biyu irin ruwan da kike ba su. In ruwan famfonku mai zartsi ne, wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, to kullum yana rage tsamin ƙasar, ƙarfe kuma sai ƙasa tana da ɗan tsami yake narkewa. Na uku gishirin taki da ya taru, wanda shi ne ya ƙona tsinin ganyen.

Kada ki saya komai yanzu. Ki ɗaga tukunyar robar daga cikin ta adon ki leƙa ƙasa. Ki kifa tukunyar a tafin hannunki, karan lemun tsakanin yatsu biyu, ki ɗan bubbuga gindin, curin ƙasar zai zamo gaba ɗaya. Ki dubi launin saiwar, ki shinshina. Lafiyayyiya fara ce ko ruwan madara, da ƙwari. Ruɓaɓɓiya ruwan ƙasa ce, in kika ja ta sai fatar ta zame ta bar wani zare a ciki. Ki duba bakin tukunya ko akwai farin ɓawo, ki leƙa cikin butar dafa ruwanki ko ita ma tana da shi. In za ki iya samun takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami (in lambar tana hawa, tsami yana raguwa ke nan), irin wadda ake tsomawa ta sauya launi, to madalla: ki ba tukunyar ruwa, ki bar ta awa ɗaya, sannan ki zuba mata kamar rabin kofi na tataccen ruwa irin na batir, ki tari abin da ya ɗigo a faranti ki tsoma takardar. Ki gwada ruwan famfon shi ma daban.

Sai abu na ƙarshe, don a cire shakka: ki sa farar takarda a ƙarƙashin ganyen ki karkaɗa. In kika ga wasu ɗigo-ɗigo suna tafiya, ƙananan gizon nan ne masu tsotson ganye, su ma suna sa ganye ya dusashe, a yi ta zargin taki a banza.

Maman_Hibba ta rubuta:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na bi duk abin da ka ce, ga abin da na gani.

Cikin tukwanen adon akwai ruwa kwance, a ɗaya ya kai gaɓar yatsa, yana wari-wari. Da na zaro curin ƙasar, saiwoyin sama farare ne, amma na can gindi ruwan ƙasa ne, kuma haka suke zamewa yadda ka faɗa. Ɗaya daga cikin ukun ta fi lalacewa, kusan rabin saiwarta ta tafi, kuma ita ce mai farin ganyen. Farin ɓawo yana nan a bakin tukwane har a saman ƙasar, da na ɗauka ƙura ce. Butar kuwa kada ma a yi maganarta, cikinta fari fat.

Takardar gwajin ta nuna ruwan da ya ɗigo daga tukunyar lemun wajen 7.5, ruwan famfo kusan 8. A ledar taki na ga Fe, a gefensa an rubuta EDTA. Ban ga kalsiyam a jerin ba sam, magnesiyam kuma ɗan mitsitsi ne. Farar takarda ba abin da ya faɗo mata.

Tumatir kuma da na zaro, saiwar fara tas, amma ta nannaɗe kofin, ƙasar ma da ƙyar ake ganinta. Gilashin tagar da asuba sanyi ƙalau, kuma kofunan a manne da shi suke.

Yanzu me zan fara yi?

Sadik_Kimiyya ya rubuta:

Baba Gambo, Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Anti, bari in ƙara ɗan lissafi a kai, don lambobin da kika kawo sun faɗi komai.

Farin ɓawon cikin butarki kalsiyam kabonet ne, abin da ke cikin farar ƙasa da alli. A ruwan famfo yana narke ne a matsayin baikabonet, in aka tafasa sai ya kwanta. Duk ruwan da kika zuba wa tukunya kin ƙara mata shi, ruwan ya ƙafe, shi ya zauna. Haka pH ɗin ya yi ta hawa har ya kai 7.5, alhali lemu a tukunya tsakanin 5.5 da 6.5 yake so. Bambancin kamar kaɗan ne a ido, amma narkewar ƙarfe a ƙasa tana iya raguwa har ninki 1,000 duk lokacin da pH ya hau da lamba ɗaya.

Wannan EDTA da kika gani wani sinadari ne da ke riƙe ƙarfe don kada ya daskare kafin saiwa ta same shi. Matsalarsa, da pH ya wuce 6.5 sai ya fara sakin ƙarfen. Wani irinsa, DTPA, yana jurewa har wajen 7 zuwa 7.5. Wanda ke tsayawa ko pH ya kai 9 shi ne EDDHA, garinsa ja ne mai duhu, yana rina hannu da tufafi da teburi, sai a kula. Ni da shi zan fara.

Sai takin. Lamba 20 ta farko tana nufin kashi 20 cikin 100 na garin naitirojin ne. Cokalin shayi ɗaya wajen giram 5 ne, rabinsa giram 2.5, wato miligiram 500 na naitirojin a lita. Ƙaramin tsiro a ɗaki, inda haske bai kai na waje ba, miligiram 100 ya ishe shi. Ke nan wannan rabin cokalin naki na lita 5 ne, ba lita ɗaya ba.

Malam Abu Fahad, ba don musu ba: ɓawon ƙwai kusan dukansa kalsiyam kabonet ne, wato abin cikin butar nan ne za a ƙara wa tukunyar. Toka ta fi shi muni, pH ɗinta yana wuce 10. Tsatsar ƙusa kuwa ƙarfe ce, gaskiya ne, amma irin wanda ba ya narkewa, musamman a ƙasa mai pH 7.5.

In kina son tabbatarwa da idonki cewa ƙarfe ne, akwai tsohon gwaji. A shekarun 1840 wani masani a Faransa, Eusèbe Gris, ya nuna cewa in aka shafa ruwan gishirin ƙarfe a ganyen da ya yi rawaya, gurin da aka shafa yana komawa kore. Ki jiƙa giram 1 na feros salfet, wato gishirin ƙarfen, a lita ɗaya, ki ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke don ganyen lemu yana da santsi, ki shafa wa rabin ganye ɗaya da auduga da yamma, ki bar ɗaya rabin. Cikin mako za ki ga kore ɗigo-ɗigo a ɓangaren da kika shafa in dai ƙarfe ne.

Ruwan famfon kuma ana iya rage masa ƙarfi da ɗan binega ko sitirik asid har pH ya sauko wajen 6.

Baba_Gambo ya rubuta:

Sadik, lissafinka ya fita, Allah ya yi albarka. Guri ɗaya zan saɓa maka, wajen abin da za a fara. Jan garin nan yana aiki, na gani da idona, amma saiwar da ta ruɓe ba ta shan komai, ko mai tsada ne. A gyara gindi tukuna.

'Yata, ki sami almakashi, ki goge shi da sifirit, ki yanke duk saiwar da ta yi ruwan ƙasa har ki kai inda take fari. Ki kakkaɓe ƙasar gindin da ta jiƙe, ki kankare ta saman mai farin ɓawo ki zubar. Ki mayar da su cikin tukunya daidai girman ta da, kada ki ƙara girma. Mai lalatacciyar saiwar ma ƙarama za ki ba ta, don ƙasa mai yawa da saiwa kaɗan ruwa ne zai sake kwanciya. Sabuwar ƙasar ki gauraya ta da farar tsakuwar nan mara nauyi, falayit, kamar kashi ɗaya cikin uku, don iska ta ratsa. Bayan kin dasa, ki kai su wajen wanke-wanke ki yi ta zuba ruwa mai kyau a hankali yana fita ta gindi, ninki biyu zuwa uku na girman tukunyar, ya wanke gishirin da ya rage. Ki bar su su tsane sarai kafin su koma cikin na adon. Ba na ce ki jefar da tukwanen ado ba, amma daga yau a waje ake ba da ruwa, a jira ɗigon ya tsaya, sannan a mayar. Kuma ba a sake ba su ruwa sai kin tura yatsa gaɓa ɗaya kin ji ƙasa ta bushe.

Maganar binega, ni ba na ba wanda ba ya gwaji kullum wannan shawarar. Hannu na iya zarcewa, kuma tsaminsa ba ya daɗewa a ƙasa. Tukwane uku ƙanana ruwa nawa za su sha? Ruwan sama in ana samu ya fi komai. In ba shi, ki tafasa na famfon, ki bar shi ya kwana, ki tsiyaye na sama ki bar na gindi. Butar ta riga ta nuna miki tana cire abin. Wanda za ki guje wa shi ne ruwan da ya bi ta na'urar tausasa ruwa mai amfani da gishiri, wannan sodiyam yake ƙarawa.

Mako biyu ba taki ko kaɗan ga lemun. Bayan nan ki fara da awon Sadik. Tunda ƙasarki zaren kwakwa ce, kuma yana da halin riƙe kalsiyam da magnesiyam, in kin koma ruwan sama ki nemi takin da ke da su a ciki, irin wanda ake yi don lemu. Ƙarancin magnesiyam a lemu ba ya ɓuya: tsohon ganye zai yi rawaya ta gefe biyu, ya bar wani kore mai tsini a wajen gindin ganyen. In kin ga wannan, gishirin Efsom, mai magnesiyam a ciki, giram 1 a lita ya isa.

Jan garin kuma ga yadda zan yi in ni ne. Tunda Allah ya ba ki uku, ki ba ɗaya daga cikin masu ƙoshin saiwa, ki hana ɗayar. In kika ba su duka kuma suka warke, ba za ki taɓa sanin me ya warkar da su ba, baɗi kuma ki sake saye.

Ki ɗaura zare a karan, daidai saman ganye na ƙarshe da ke akwai yau. Duk hukuncin da za ki yanke, a kan abin da ya fito saman zaren za ki yanke shi. Tsinin da ya ƙone ba ya dawowa, ganyen da ya yi fari ma da wuya ya cika kore. Kada ki tsinke su, suna ɗan aiki har yanzu. Lemu kuma ba kullum yake toho ba, yana yi ne ya huta ya sake, saboda haka za ki iya jira makonni ba ki ga komai ba.

Tumatir yau-yau ki juye su cikin tukwane masu ɗaukar lita ɗaya ko fiye, da ƙasar dashe ta gaske. Ki tsinke ganyen ƙasan da suka gama rawaya ki binne karan har kusa da ganyen da suka rage, tumatir yana fitar da saiwa a jikin kara. Ki ba su wannan takin dai, a awon lita 5. Da dare ki janye su daga jikin gilashi.

Abu_Fahad ya rubuta:

To, na ji, Baba. Na janye toka da ɓawon ƙwai. Amma ƙusar nan zan bar tawa a tukunya, ba ta ci mini komai ba.

Maman_Hibba ta rubuta:

Na dawo da labari bayan 'yan makonni. Tumatir sun murmure tun a makon farko, koren ya dawo, sababbin ganyen ba shunayya, har na fara neman sandunan da zan ɗaure su.

Gwajin rabin ganyen Sadik ya fito, ɓangaren da na shafa ya yi ɗigo-ɗigon kore, ɗayan yana nan yadda yake. Lemu biyu sun yi toho saman zaren. Wadda na ba jan garin ganyenta kore ne sosai. Wadda na hana ita ma kore ce, sai dai ya ɗan fi haske, jijiyar tana ɗan nunawa. Ruwan da ke ɗigowa yanzu wajen 6.5 yake.

Ta ukun ce dai shiru, ba toho, ba ta kuma zubar da ganye ba. In ba ta jan garin ita ma, Baba?

Baba_Gambo ya rubuta:

Masha Allah. Wadda kika hana ki ci gaba da hana ta, a 6.5 takinki ma zai ishe ta. Ki dubi tohon da zai biyo baya.

Ta ukun kada ki ba ta komai tukuna. Saiwa take yi, sai ta gama sannan za ta waiwayi sama. Ki kankare ɗan guri a jikin karan da farce, in ƙarƙashin kore ne tana da rai. Ruwa kuma ki rage mata fiye da 'yan'uwanta, don ba ta sha kamar su. Ki riƙa ɗaga tukunyar kina jin nauyinta kafin ki zuba. Ranar da kika ga farar saiwa ta leƙo ta hudar gindi, ki ba ta rabin awon da kike ba sauran. In tohon ya fito ganyensa ƙanana ne sirara, a cunkushe kusa da juna, da rawaya dabbare-dabbare, wannan zink ne ba ƙarfe ba, sai ki ɗauki hoton saman ganyen da bayansa a hasken rana ki turo mu gani.